Taurarin Yumɓu a Gidan Hajiya Sharifa

Shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar sanyi, wajen ƙarshen shekarun casa'in, Hajiya Sharifa ta yi baƙuwa a gidanta da ke unguwar Harra ta Yamma a Madina. Sunan baƙuwar Hajo, mahaifiyar Ruƙayya ce, matar ɗanta Lurwanu wadda ta rasu wajen haihuwar ɗanta na biyu.

A Madina aka haifi Sharifa. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Damagaram a ƙafa, ya yi aikin hajji, ya ga wuri ya zauna. Ta tashi da Hausa a ɗaki da Larabci a titi, ta yi aure, ta aurar da 'ya'yanta, mijinta ya rasu, har ta zaci ta gama reno. Sai Ruƙayya ta tafi ta bar Nadiya tana 'yar shekara uku, da Saif yana cikin tsumma. Lurwanu direban motar safa ne tsakanin Madina da Makka, rabin mako ba ya kwana a gida. Sharifa ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta ɗauko zanin goyo. Ita ta yi jinyar ƙirjin Saif a kowane sanyi, ita take kitsa kan Nadiya, ita take zuwa makaranta in an kira iyaye. Yaran suna kiranta Sitti, kamar yadda 'ya'yan unguwar suke kiran kakanninsu.

Hajo kuwa maginiyar tukwane ce a Mirriya, can ƙasar Damagaram. Ruƙayya tana budurwa ta biyo gwaggonta da ke zaune a Jurf, a gefen Madina, a can Lurwanu ya gan ta. Hajo ba ta taɓa ganin jikokinta ba sai a hoto. Sharifa ce ma da bakinta ta ce wa Lurwanu bai kamata a bar tsohuwar nan haka ba, ya yi mata takardun umara ta zo ta yi azumi da su. Ta faɗa da zuciya ɗaya, kuma da zuciya ɗaya ta share mata ɗakin da ke kusa da matakala.

Kwanakin farko sun yi wa Sharifa daɗi. Hajo doguwa ce, siririya, hannuwanta sun yi kanta, ba ta jin Larabci sai na salla. Yaran kuma suna jin Hausa sarai, amma da Larabci suke amsawa. In Hajo ta miƙa hannu ta kira su, sai su laɓe a bayan Sharifa suna leƙe. Sharifa ta zama tafinta a tsakani. Ita take gaya wa Hajo cewa Saif ba ya cin albasa, Nadiya ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ita, kuma in an ga yaron yana jan kunnensa to barci ne yake ji. Hajo tana saurare tana gyaɗa kai, tana yi mata addu'a. Sharifa takan ce haba, ai jikokinki ne, da sannu za su saba. Tana faɗa tana jin wani daɗi da ba ta tsaya ta tambayi kanta dalilinsa ba.

Ranar wata Juma'a Lurwanu ya kwashe su zuwa Jurf gaida gwaggon Ruƙayya. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, kwarin da ke bayan gonar dabinon mijinta Abdulmajid ya kawo ya janye, ya bar laka ja mai sheƙi a gefe. Hajo ta bar mutane suna hira ta je ta tsuguna a bakin kwarin. Ta ɗebo ƙasar ta murza a tsakanin yatsunta, ta mulmula ta yi tsawo kamar igiya, ta lanƙwasa, ba ta karye ba. Sai ta roƙi Abdulmajid buhu. Sharifa ta yi dariya ta ce mutane dabino da zamzam suke ɗauka daga ƙasar nan, ita kuma taɓo. Hajo ma ta yi dariya, ta ce hannunta ne ya gaji da zaman banza.

A makon aka ba yara hutun makaranta. Al'adar Sharifa ce duk shekara ta kai su kasuwa ta saya musu fanus, fitilun roba masu batir da ke waƙa in an danna, da takardu masu walƙiya da ake ratayawa a falo don Sallah. Ta kai su, suka zaɓa, suka dawo suna murna. Saif ya wuni yana danna nasa har kan mutane ya yi ciwo.

Washegari Hajo ta hau saman soro da buhunta. Ta jiƙa ƙasar a tsohon baho, ta tace da mataci, ta samo fasasshiyar tukunyar fure a bayan tankin ruwa ta daka a turmin da Sharifa take daka kayan yaji, ta zuba garin a ciki ta yi ta cuɗawa. Saif ne ya fara bin ƙarar dakan ya hau. Da Nadiya ta ga bai sauko ba ta bi shi. Sharifa tana kicin tana naɗa sambusa, tana jiran su sauko da gudu su ce mata tsohuwar tana wasa da taɓo. Ba su sauko ba. Sai dariya ta jiyo, ta Saif, irin wadda yake yi har ya sarƙe. Can ta ji muryar Nadiya ta biyo matakala, da Hausa tsantsa:

“Kaka, duba nawa, ya karkace. Yaya zan yi?”

Sharifa ta tsaya da sambusa a hannu. Tun yarinyar tana goye take yi mata Hausa, safe da yamma, ba ta taɓa samun jimla guda cikakkiya daga bakinta ba. Ta ɗauka harshen ne bai zauna mata ba. Ashe yana nan a ajiye.

Ta wanke hannu ta hau. Ta same su zaune a kan tabarma, hannu da gwiwa duk ja. Hajo ta shimfiɗa yumɓun da kwalba kamar mai yin burodi. Ta yanka gwangwanin madara ta lanƙwasa shi ya zama abin fitar da tauraro. Jinjirin wata kuma da bakin kofin shayi suke cire shi, a danna sau biyu. Kowanne a huda shi da tsinke a sama don zare ya shiga. Akwai ƙananan duwatsun wuya jere a faranti, akwai wata 'yar fitila kamar ƙwarya a kife, an yi mata ƙofa da ƙananan huji don hasken kyandir ya fita. Hajo ta ce kayan ado za su yi wa gidan na Sallah. Ta riƙe hannun Saif a cikin nata tana koya masa shafa gefen tauraro da jiƙaƙƙen yatsa, shi kuma ya jingina da ita kamar a jikinta ya girma.

Sharifa ta ce akwai sanyi a sama, ƙirjin yaron ba ya so. Hajo ta ce gaskiya ne, ta cire mayafinta ta lulluɓe shi. Sharifa ta ce za su ɓata matakala da laka. Nadiya ta ce ita za ta goge, yarinyar da sai an yi da gaske take ɗauke kofin da ta sha ruwa. Sai idon Sharifa ya faɗa kan wani ɗan raƙumi da Saif ya gina, mai ƙafa uku da dogon wuya. Ta ce wannan kam ba za a yi shi a gidanta ba, siffar abu mai rai ce, kuma cikin azumi. Nadiya ta tambaye ta da Larabci, to 'yar tsanar da ita ta saya mata fa? Sharifa ta ce ba ta son musu.

Ta jira Saif ya yi kuka ya zo gare ta. Yaron bai dube ta ba, Hajo ya duba. Hajo ta ce masa Hajiya ta fi su sani, ta karɓi raƙumin ta dunƙule shi, kafin ya ankara ta mayar da shi ƙubba mai ɗan tsini a kai, ta ɗora masa a tafin hannu. Ya yi murmushi. Sharifa ta sauka ta tarar man suya ya fara hayaƙi.

Daga ranar saman soron ya zama makaranta. Da an yi azahar sai yara su hau. 'Ya'yan maƙwabciyarta Munirat su uku suka shiga, sai ga wasu daga bayan layi. Fanus ɗin Saif ya gangara ƙarƙashin kujera, ba wanda ya neme shi. Sharifa ta je kantin kayan makaranta ta sayo babban kwali na yumɓun roba mai launi-launi, irin wanda ba ya ɓata hannu, ta ajiye a tsakiyar falo ta ce ga wanda za su riƙa yi a ƙasa cikin ɗumi. Yaran suka buɗe, suka yi mata godiya, suka kwashe 'yan wuƙaƙen roba da ke ciki suka hau sama da su. Yumɓun launin ya zauna a kwalinsa.

Munirat ta shigo aron rariya wata rana, ta hau ta ga aikin, ta sauko tana yabo. Ta ce Sharifa ta lura kuwa, hannun Nadiya sak na Hajo, har yadda babban yatsan yake lanƙwashewa baya. Da yamma wajen buɗa baki Sharifa ta saci kallon hannayen biyu a kan farantin dabino. Munirat ba ta yi ƙarya ba. Ta dubi nata gajerun yatsun. Ba wanda ya taɓa cewa yaran sun ɗauko wani abu nata.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne hirar da ake yi a sama. In ta tsaya a tsakiyar matakala takan ji Hajo tana ba su labarin uwarsu tana ƙarama, yadda take satar yumɓu ta gina ƙananan tukwane ta ɓoye a bayan rumbu, yadda ta taɓa faɗawa cikin ramin ƙasa aka fito da ita ja wur tana dariya. Yaran suna ta tambaya. Sharifa ta daɗe da kwashe hotunan Ruƙayya daga bango don kada su tashi da ciwon maraici, su kuma ba su taɓa tambayarta ba. Ta ɗauka sun manta. Ko da sun tambaya ma, Ruƙayyar da ta sani amarya ce mai kunya da ba ta ɗaga kai a gabanta. Ba ta da labarin rami ko rumbu da za ta ba su.

Ranar da ta ɗauko mataji da mai ta kira Nadiya, yarinyar ta cire ɗankwali ta nuna mata sabon kitso, ƙanana, a jere kamar an auna. Ta ce Kaka ce ta yi mata, kuma bai yi zafi ba. Sharifa ta ce ya yi kyau. Ta mayar da matajin cikin aljihun tebur, ta daɗe a tsaye a wurin.

Ba ta taɓa yi wa Hajo magana marar daɗi ba. Tana zuba mata shurba, romon buɗa baki, kafin kowa, tana tsame mata nama mai laushi. Hajo ma ba ta yi abin da za a kama ta da shi ba, komai sai ta ce a tambayi Hajiya. Wannan ma yana ƙara wa Sharifa haushi, don da tsohuwar ta yi laifi ko guda da ta sami abin riƙewa. Tana salla tana roƙon Allah ya cire mata abin da ke ranta, tana sallamewa ta jiyo dariya daga sama, ya dawo sabo.

Da goman ƙarshe ta kama, allunan da ake shanya kayan yumɓun a kai sun cika. Hajo ta jera su a gefen tanki inda rana ba ta bugu sosai, ta ce sai sun bushe ƙamas kafin su shiga wuta, in ba haka ba fashewa za su yi. Taurari, watanni, fitilu, ƙubbobi, kowane yaro ya yi wa nasa alama a baya. Nadiya takan hau da safe ta juya su ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana Lurwanu yana gida, ya ce zai kai su Harami su sha ruwa a can, Hajo kuma ta tsaya ta bayan katangar maƙabartar Baƙi'a ta yi wa 'yarta addu'a. A bakin ƙofa Saif da Nadiya suka kama gardamar wanda zai zauna kusa da Kaka a mota. Sharifa ta riga ta ɗauko abayarta. Ta ji gardamar, ta mayar da ita ta rataye, ta ce gwiwarta na ciwo, su je. Lurwanu ya ce to ta huta. Yaran suka ce mata sai sun dawo, suka ruga.

Bayan la'asar gari ya rufe. Iska ta taso mai ƙamshin ruwa. Sharifa ta hau sama ta kwashe wanki daga igiya, ta cusa a kwando. Da ta juya sai ga allunan a gabanta. Ɗigo na farko ya faɗi kan wani jinjirin wata, wurin ya yi duhu. Akwai tsohuwar ledar shimfiɗa a naɗe a kan tanki, miƙa hannu kawai za ta yi. Ta tsaya da kwando a ƙugu tana kallo. Ta ce a ranta ba wanda ya ba ta amanarsu, mai abin ya kamata ta duba sama kafin ta fita. Ta tuna tukunyar shurba tana kan wuta. Ta sauka.

Ta ninke wankin tsaf. Ta shiga kicin tana juya shurbar da ba ta bukatar juyi. Ruwan ya ƙaru, tana jin yadda yake dukan murfin tanki. Ta tuna Nadiya tsugune da safe tana juya taurarin da yatsa biyu, harshenta a waje don natsuwa. Ta yar da ludayin ta hau matakala da gudu, ko takalmi babu.

Ta makara. Taurarin sun saki hannuwa sun zama dunƙule-dunƙule, fitilun sun rufta, jan ruwa yana gangarawa zuwa indararo. Ta ja ledar ta rufe abin da ya saura, ta ɗauki allo guda da tanki ya ɗan kare ta sauko da shi, ruwa na zuba daga kanta. Ta zauna a matakalar ƙasa da rigarta a jiƙe har aka kira magariba. Ta buɗe baki da dabino guda.

Da suka dawo Nadiya ba ta ko cire takalmi ba ta haye sama. Ba ta jima ba ta sauko. Ta wuce Hajo da ke tsaye a bakin falo, ta faɗa jikin Sharifa, ta cusa kai a ƙirjinta tana kuka tana faɗi da Larabci cewa duk sun narke, duk. Saif ya ga yayarsa na kuka, shi ma ya zo ya rungume ƙafarta. Sharifa ta riƙe su. Makonni ke nan tana jiran nauyin jikinsu a nata, ga shi ta samu, amma ta kasa duban fuskarsu.

Lurwanu ya ga kayanta a jiƙe, ya ga allon da ta tsirar, ya yi ta yi mata faɗan tausayi cewa da ciwon gwiwa za ta hau sama cikin ruwa. Hajo ta shiga falo. Ta zauna a kujera kusa da tarin wankin da aka ninke, ta ɗora hannu a kan rigar sama, ta shafa. A bushe take. Ta janye hannunta ta fara jan carbi.

Washegari da hantsi, yara suna barci, Sharifa ta hau sama. Ta sami Hajo tana kankare alluna da wuƙa tana tara lakar a baho. Suka gaisa, suka tambayi juna kwanan gajiya. Sharifa ta tsaya tana neman ta inda za ta fara. Hajo ta ce tun da ba a gasa ba ai ba a yi asara ba, sake kwaɓawa ne kawai.

Sharifa ta ce, “Na kwashe wanki kafin ruwan ya sauko.”

“Na gani, Hajiya.”

Hajo ta ci gaba da kankara. Can ta ce jiya a bayan katangar Baƙi'a ta tambayi Nadiya ta wane gefe uwarta take. Yarinyar ta ce ita ba ta sani ba, Sitti ce ta sani, ita take nuna musu. Da ruwa ya kama su a farfajiyar Harami kuma, Saif ya ƙi yarda ta goge masa kai, ya ce a mayar da shi gida wurin Sitti, ita ta san man da ake shafa masa a ƙirji.

Ta ajiye wuƙar ta dubi Sharifa.

“Ke kika yi wa 'yata wanka na ƙarshe, ina can ina gina randa ban ma san ta tafi ba. Ke kika ga fitowar haƙoran yaran nan. In suka ce Sitti a gabana, abin da nake ji Allah kaɗai ya sani. Na zo ban iya harshensu ba, ban san abin da suke ci ba. Lakar nan ce kawai nake da ita.”

Sharifa ta zauna a kan bulo. Bai taɓa zuwa mata ba cewa matar nan mai gyaɗa kai da addu'a tana kallonta da irin idon da ita take kallonta. Ta so ta roƙi Hajo gafara. Maimakon haka ta tambaya ko za su bushe kafin Sallah in aka sake. Hajo ta dubi sama ta ce da wannan sanyin da wuya.

Sharifa ta ce akwai tanda a kicin, in aka rage wutarta ƙasa-ƙasa aka bar ƙofar a buɗe fa? Akwai kuma na'urar ɗumama ɗaki. Hajo ta ce ba ta taɓa yi ba, amma a gwada.

Da yara suka tashi aka sauko da aikin falo. Sharifa da kanta ta naɗe kafet ta shimfiɗa leda. Farantan da take jera sambusa suka koma na taurari, kicin ya yi ta warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, maƙwabta suka riƙa aiko musu da abin buɗa baki don tanda ba ta da sarari. Saif ya ja hannunta ya ce ita ma ta yi. Ta zauna, ta ɗebi yumɓu, sanyinsa ya ratsa ta. Tauraronta na farko ya manne a leda, na biyu ya fito da hannu ɗaya gajere. Saif ya yi ta dariya. Nadiya ta leƙo ta ce ba haka Kaka take yi ba, ta karɓa ta gyara mata da yatsun nan masu lanƙwashewa. Sharifa ta ji abin ya soke ta a inda ya saba. Ta sake ɗibar wani.

Ana jibi Sallah suka kai kayan gonar Abdulmajid. Hajo ta jera su a rabin ganga, ta lulluɓe da dusar katako da busassun ganyen dabino, ta kunna. Yara suna ta zagaye wutar, Sharifa tana bin Saif da hula. Da toka ta huce aka tono su. Wasu sun fashe, wasu sun fito da baƙin tabo a gefe, amma mafi yawa sun yi ja, in an ƙwanƙwasa suna ƙara. Hajo ta kwance ƙullin farar ƙasa da ta zo da ita daga gida, ta dama, yara suka yi musu ɗigo da layi da tsinke.

Ranar Sallah an rataye su a zare daga wannan bangon falo zuwa wancan, fitilun a kan taga da kyandir a ciki. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ɗaga kai ta tambayi inda aka sayo. Sharifa takan ce yaranta ne suka yi. Nadiya kuma takan ƙara da cewa Kaka ce ta koya musu, ta je ta jawo hannun Hajo a gan ta. Sharifa ta yi ta zuba gahawa tana murmushi har kumatunta suka gaji.

Hajo ta tafi bayan Sallah da 'yan kwanaki. A filin jirgi Nadiya ta riƙe gefen zaninta ta ce sai ta bi ta. Lurwanu, don ya rarrashe ta, ya ce in an yi babban hutu zai kai su Mirriya su ga inda uwarsu ta tashi. Hajo ta dubi Sharifa tana jiran ta bakinta. Sharifa ta ce Allah ya kai mu. Tsofaffin biyu suka rungumi juna, suka daɗe, kowacce ta ce a yafe mata.

Lurwanu ya ɗauka maganar ta wuce. Yaran ba su bari ta wuce ba, kullum sai sun tayar da ita. Sharifa, wadda tafiyarta mafi nisa ita ce Makka, ta sa Munirat ta raka ta aka ɗauke ta hoto, ta ba Lurwanu ta ce ya yi mata fasfo. Munirat ta tambaye ta ko marmarin ƙasar kakanni ne ya taso mata. Ta ce ita ba ta bar komai a can ba, yaranta za ta raka, ba mai kai mata su garin sauro su kaɗai.

Da hutun ya matso ta ɗauki Nadiya suka shiga kasuwa sayen tsaraba. A shagon mayafai ta sa aka sauko mata da masu kauri, tana shafawa tana ɗagawa a haske, ta tsayar da wani kore mai kyau ta ce wannan na Hajo ne. Nadiya ta ce a'a, Kaka ta fi son shuɗi, duk zannuwanta da shuɗi a jiki. Sharifa ta dubi koren, ta mayar, ta ce wa mai shagon ya ba ta shuɗin. Yana naɗewa ta juya ga yarinyar.

“Ni kuma wane launi na fi so?”

Nadiya ta dube ta daga sama har ƙasa, ta yi tunani da gaske.

“Baƙi?”

Sharifa ta karɓi ƙunshin ta sa a jaka. Ta kama hannun yarinyar, ta riƙe shi da ɗan ƙarfi, suka fita neman takalman Saif.